Amosanin Gaɓɓai na Yara: Me Ya Sa Awon Jini Ɗaya Ba Ya Wadatarwa

A Gusau da Tsafe da Bungudu, idan aka ambaci amosanin gaɓɓai, hankali kan tafi ne ga tsohuwar da sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe, ko dattijon da ya koma yin salla a zaune. Yaro kuwa in ya wayi gari da kumburin gwiwa ko na wuyan hannu, abin da iyaye ke fara kawowa shi ne targaɗe ya yi wajen wasa, sai a nufi gidan mai ɗori. In kumburin ya ƙi saɓewa a ce sanyi ne ya shige shi, in ya haɗo da zazzaɓi a ce maleriya ce ko taifot, in kuma an taɓa samun mai sikila a dangi sai a jingina abin ga amosanin jini. Duk waɗannan zato ne masu tushe, domin su ne cututtukan da muka fi gani. Amma akwai amosanin gaɓɓai na yara, wanda likitoci suka yi masa iyaka da cewa kumburin gaɓa ne da ya soma kafin yaro ya cika shekara 16, ya kuma ɗauki aƙalla mako 6 ba tare da an gano wani dalilinsa ba. Yawancin nau'o'insa a hankali suke ɓarna, su gurgunta gaɓa ko su taɓa ido cikin shekara da shekaru. Nau'i ɗaya ne ya yi ƙaurin suna wajen juyewa cikin 'yan kwanaki ya zama abin da ke kisa, kuma jini ne ke fara ba da labarin wannan juyi tun jiki bai gama nunawa ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, a ƙasa irin tamu, ceton wannan yaro ya fi rataya ga maimaita awon jini mai araha da kwatanta na yau da na jiya, fiye da jiran wani sabon gwaji mai tsada ya iso daga Turai.

Nau'in da nake nufi shi ne mai game jiki, wanda bai tsaya ga gaɓɓai ba. Wani likitan yara na Ingila, George Frederic Still, ya bayyana shi dalla-dalla a 1897 bayan ya nazarci yara 22 a Landan, shi ya sa har yau ake kiransa cutar Still. Zazzaɓinsa yana da tsari: ya zo sau ɗaya ko biyu a yini, galibi da yamma, ya kai maki 39 ko ya wuce, sannan ya sauka har yaron ya tashi ya yi wasa kamar ba shi ba, gobe kuma ya dawo. Haka zai yi ta yi mako biyu ko fiye. Yakan zo da wasu ƙuraje jajaye masu fitowa tare da zafin jikin su ɓace in ya sauka, waɗanda a farar fata ake ganinsu nan take, a fatar 'ya'yanmu kuwa sai an duba da kyau cikin haske. Kaluluwa kan fito, saifa da hanta su kumbura, wani lokaci ruwa ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya. Abin da ya fi rikita mai dubawa shi ne kumburin gaɓar na iya jinkirta zuwa har makonni ko watanni bayan zazzaɓin ya soma. An daɗe ana ɗaukar cewa baƙar fata ba su cika samun irin waɗannan cututtuka ba, amma rahotannin da likitocin Legas suka buga ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufemi Adelowo sun nuna yaran Nijeriya ma suna kamuwa, kuma da yawansu sukan isa gaban likitan da ya dace ne bayan an daɗe ana yawo da su.

Mugun juyin da ake tsoro daga garkuwar jiki yake fitowa. A cikin rundunar da ke kare jikin mutum akwai wasu manyan ƙwayoyi da ake kira makurofaj, aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini da ke kashe duk ƙwayar da cuta ta shiga, sannan in yaƙi ya ƙare su ne ke tsayar da shi. Idan wannan tsayarwa ta gaza, sai rundunar ta ci gaba da kwararo sinadaran kiran yaƙi ba ƙaƙƙautawa, makurofaj su haukace, su faɗa wa ƙwayoyin jinin mai gida a cikin ɓargo da hanta da saifa. Likitoci na taƙaita sunan wannan hali da haruffan MAS, ni kuwa zan kira shi boren garkuwar jiki. Likitocin Faransa ne suka bayyana shi a jikin yara masu wannan amosani a 1985, sunan da ake kiransa da shi yanzu kuma ya fito a 1993. Kimanin yaro 1 cikin 10 masu cutar Still kan faɗa cikin boren ƙarara, kuma bincike ya nuna kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na iya ɗauke da shi a ɓoye. Wani babban nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara yara 362 daga ƙasashe 33, ya gano kusan kashi ɗaya bisa uku sun buƙaci ɗakin kulawa ta musamman, kashi 8 cikin 100 kuma sun rasu. A lura cewa waɗannan yara ne da aka gane cutarsu, a cibiyoyin da ke da ƙwararru da magani a hannu. Yaron da zazzaɓi ya ƙi sauka a ƙauyen Bungudu, wanda har ya bar duniya ba wanda ya ambaci sunan cutar a kansa, ba ya cikin wannan lissafi.

Alamomin da ido ke gani suna da amfani, amma a makare suke zuwa. Zazzaɓin da a da yake zuwa ya tafi sai ya zauna daram dare da rana. Yaron ya yi laushi, barci ya yi masa yawa, ya soma rikicewa ko ya yi jijjiga, idonsa ya yi shawara, haɓo ya ɓalle ko dasashi ya riƙa jini. A Zamfara duk mai aikin lafiya da ya ga wannan zai fara tunanin maleriyar da ta hau kai, ko sanƙarau, ko cutar da ta shiga jini, kuma yana da gaskiyarsa. Har ila yau akwai wani abu mai yaudara: ciwon gaɓɓan na iya yin sauƙi daidai lokacin da boren ke kamawa, uwa ta yi hamdala ta ɗauka sauƙi ne ya samu. Irin wannan yaudarar ce kuma ke cikin takardar awon jini. Yaro mai cutar Still da ke kan ganiyarta, jininsa cike yake da alamun kumburi. Fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa. Ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filatilet, da a jikin lafiyayye suke tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita, sukan haura 500,000 har su doshi miliyan. Sinadarin daskarar da jini da hanta ke yi, fibirinojin, shi ma ya hau. Wannan sinadari ne ke sa jajayen ƙwayoyi su manne da juna su yi nauyi, don haka in aka zuba jinin cikin siririn bututu aka tsayar da shi awa ɗaya, wato gwajin da ake kira ESR, sai su kwanta da sauri, adadin ya kai milimita 80 ko 100. To, da boren ya soma, ana cinye filatilet, ana cinye fararen ƙwayoyi, fibirinojin na ƙarewa saboda jini na daskarewa a cikin ƙananan jijiyoyi kuma hantar da ke yin sa ta jigata. Sai lambobin nan da suka yi sama su fara gangarowa, kuma a kan hanyarsu ta zuwa ƙasa dole su ratsa ta cikin ma'aunin lafiyayye. Wanda ya karɓi takardar ranar kaɗai zai ga komai daidai. Sai wanda ke riƙe da takardar makon jiya ne zai ga filatilet sun faɗo daga 700,000 zuwa 250,000 alhali zazzaɓi bai sauka ba, ya gane cewa ruwa ba ya tsami banza.

Wannan fahimta ce aka zuba cikin ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin amosani na Turai da Amurka suka fitar a 2016, a wani aiki da Farfesa Angelo Ravelli na birnin Genoa a Italiya ya jagoranta. Ma'aunin ya ce yaro mai zazzaɓi, wanda aka san yana da cutar Still ko ake zarginta, ana sa shi cikin masu boren idan feritin ɗinsa ya wuce nanogiram 684 a kowace mililita, tare da biyu daga cikin abubuwa huɗu: filatilet 181,000 ko ƙasa da haka, sinadarin hanta AST sama da 48, kitsen jini mai suna tiraigilisarid sama da miligiram 156 a kowace desilita, ko fibirinojin miligiram 360 ko ƙasa da haka. Duk wanda ya saba karanta sakamakon ɗakin gwaje-gwaje zai ga abin mamaki a nan. Filatilet 181,000 adadi ne na lafiyayye. Fibirinojin 360 shi ma yana cikin iyakar da aka saba bugawa a gefen takarda, tsakanin 200 da 400. AST 48 da ƙyar ya leƙa sama da iyaka. Ma'ana, masu tsara ma'aunin da kansu sun yarda cewa abin da yake daidai a jikin yaro lafiyayye alamar haɗari ne a jikin yaron da kumburi ya kamata ya tura lambobinsa sama. A gwajin da suka yi masa, ma'aunin ya kama kashi 73 cikin 100 na masu boren, kuma da wuya ya ɗora wa wanda ba shi da shi. Wannan na nufin wajen yaro ɗaya cikin huɗu zai kuɓuce masa. Su ma sun faɗa cewa an tsara shi ne don tantance waɗanda za a sa cikin bincike, bai kamata likita ya naɗe hannu yana jiran lambobi su cika ba. A ganina darasin da ya fi lambobin nan daraja shi ne wanda ke bayansu, cewa inda jini ya dosa ya fi inda yake tsaye muhimmanci.

Feritin ne kaɗai ma'aunin ya wajabta, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Furotin ne da jiki ke ajiye sinadarin ƙarfe a cikinsa, kuma makurofaj na daga cikin manyan ma'ajiyarsa. A jikin yaro lafiyayye bai cika wuce ɗari da ɗoriya ba. Kumburi kowane iri na ɗaga shi zuwa ɗaruruwa, amma a boren garkuwar jiki yakan yi tsalle zuwa dubbai, wani lokaci ya haura 10,000, kuma yakan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Da yake shi hawa yake yi daidai lokacin da ESR ke sauka, wasu masu bincike a jihar Alabama ta Amurka sun ba da shawara a 2019 cewa a raba adadin feritin da adadin ESR, in abin da ya fito ya wuce 21.5 a zargi boren. Yaro mai feritin 600 da ESR 90, lissafinsa bai kai 7 ba. In bayan kwana uku feritin ya koma 2,000, ESR ya sauko 40, lissafin ya zama 50. Wannan dabara ta burge ni saboda dalili ɗaya: ba ta buƙatar komai sai gwaji biyu da alƙalami. Bututun ESR ko lantarki ba ya nema.

Mai suka zai ce, kuma sukarsa mai nauyi ce, duk wannan an gina shi ne a kan yaran da akasarinsu na Turai ne da Amurka da Asiya, inda maleriya da sikila ba su kai yawan na nan ba. A nan kuwa maleriya da kanta na rage filatilet, ta ɗaga feritin, ta kumbura saifa, ta taɓa hanta. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin fiye da yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara 5 a Zamfara, kuma daga Yuli zuwa Oktoba abin ya fi tsanani. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini feritin ɗinsa a sama yake ko ba bore, ESR ɗinsa kuma a ƙasa yake ko da kumburi, domin lanƙwasassun ƙwayoyin jininsa ba sa jeruwa su kwanta, don haka lissafin 21.5 zai yi ta kururuwa a kansa ba dalili. Yaron da tamowa da ƙarancin ƙarfe suka cinye kuwa daga ƙasa sosai feritin ɗinsa zai taso, yana iya ninkawa sau goma bai kai 684 ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ga amfanin musa shi ba. Sai dai idan aka duba da kyau, abin da sukar ta rushe shi ne dogaro da lamba ɗaya da aka yanko daga wata ƙasa. Kwatanta jinin yaro da jinin kansa na baya bai girgiza ba, ƙarfi ma ya ƙara. Maleriyar da aka yi wa magani mai kyau, zazzaɓinta kan sauka cikin kwana biyu zuwa uku, filatilet kuma su soma farfaɗowa cikin mako. Idan an ba da maganin, ƙwayar ta ɓace a madubin gwaji, amma zazzaɓi na nan, filatilet na ci gaba da faɗuwa, feritin na hawa, to maleriya ba ta isa ta bayyana abin da ke faruwa ba. Ya kamata a tuna kuma cewa ɗan gwajin maleriya na gaggawa na iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke, gwajin Widal da ake dogara da shi wajen taifot kuma ya shahara da nuna cutar inda babu ita. A wurin da yaro ɗaya cikin uku ke yawo da ƙwayar maleriya, samun ta a jinin mara lafiya ba ya rufe bincike. Cututtuka biyu na iya haɗuwa a jiki ɗaya, kuma kamuwa da wata ƙwayar cuta na daga cikin abubuwan da ke tayar da boren tun farko.

Wani zai zo ta ɗaya ɓangaren ya ce ai kimiyya ta wuce nan, me ya sa za mu tsaya ga tsofaffin gwaje-gwaje? Gaskiya ne an samu alamomin da suka fi kusa da tushen cutar. Sinadarin IL-18 kan yi hawan da ba a cika gani a wasu cututtuka ba a jinin masu cutar Still, musamman waɗanda ke da halin faɗawa cikin boren ko samun wani mugun ciwon huhu da aka soma lura da shi a 'yan shekarun nan. Sinadarin CXCL9 kuma na nuna ƙarfin aikin intaferon gama, wanda shi ne babban mai rura wutar boren, kuma shi ne maganin emapalumab ke toshewa, maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi a kan wannan hali a 2025. Ina fatan ranar da za a riƙa yin waɗannan gwaje-gwaje a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano. Amma ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro su, cibiyoyi ƙalilan ne ke yin su, sakamakon kuma kan ɗauki kwanaki, boren kuwa da sa'o'i yake tafiya. Shi ya sa shawarwarin da waɗannan ƙungiyoyi na Turai da Amurka suka sake fitarwa a 2023 suka dawo kan abu ɗaya: a fara da gwaje-gwajen da ke hannu, a maimaita su, a soma magani kafin a kammala bincike in yaro na taɓarɓarewa. Haka batun ɗibar ɓargo yake. Ganin makurofaj na haɗiyar ƙwayoyin jini a madubi hujja ce mai ƙarfi, amma a nazarin 2014 kimanin kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka ɗebi ɓargonsu ne kawai aka ga haka. Babban amfanin ɗibar ɓargo a wurinmu shi ne kore sankarar jini, wadda ita ma kan zo da zazzaɓi da ciwon ƙashi da faɗuwar ƙwayoyin jini.

Suka ta uku ita ce wadda ta fi kama hankalin mai tsara kasafi. Jihar da maleriya da tamowa da gudawa da ƙyanda ke kwashe yara, ga dubban iyalai da rashin tsaro ya raba da gidajensu, ina ita ina ɓata kuɗi a kan cutar da ba a cika gani ba? Amsata ita ce abin da nake kira a yi ba na cutar Still kaɗai ba ne. Ɗabi'a ce ta aiki: duk yaron da zazzaɓinsa ya wuce mako bai ji magani ba, a yi masa cikakkiyar ƙidayar ƙwayoyin jini maimakon tsayawa ga awon yawan jini na PCV da gwajin maleriya, a rubuta, a sake bayan kwana biyu ko uku, a ajiye takardun biyu gefe da gefe. Wannan ɗabi'a ita ce za ta kama sankarar jini, da cutar da ta shiga jini, ta kuma ɗaga hankali zuwa zazzaɓin Lassa. Irin wannan boren na garkuwar jiki ma yakan biyo bayan taifot ko tarin fuka ko maleriya mai tsanani a jikin yaron da bai taɓa amosani ba. Zamfara kuwa ta riga ta biya kuɗin wannan karatu da rayuka. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna amai da jijjiga, ana yi musu maganin maleriya da sanƙarau ba sa ji. Da aka auna jininsu aka nemi abin da ba a saba nema ba, sai ga gubar dalma daga duwatsun zinaren da ake niƙa cikin gidaje. Binciken da aka yi tare da hukumar CDC ta Amurka a ƙauyuka biyu ya nuna kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka auna suna da gubar da ta kai matakin buƙatar magani. Aƙalla yara 400 aka rasa. Alamomin da ido ya gani a ƙauyukan da abin ya shafa irin su Dareta da 'Yargalma irin na maleriya ne sak. Abin da ya sauya labarin shi ne wani ya ƙi yarda cewa duk zazzaɓi da jijjiga maleriya ce, ya tambayi jini.

Akwai haɗarin da ya wajaba in faɗa a fili, domin kada wannan bayani ya zama guba a hannun wanda ya ɗauki rabinsa. Maganin farko na boren shi ne sitirod mai ƙarfi ta jijiya, a asibiti, ƙarƙashin idon likita, in bai wadatar ba a ƙara da saikulosporin ko anakinra. Sitirod kuwa yana nan a kowane kemis, ana sayar da deksametazon da firedinisolon ba takardar likita, har ana ba yara don su yi ƙiba ko don ciwon jiki. Yaron da aka ɗirka wa waɗannan ƙwayoyi a gida, zazzaɓinsa zai lafa, lambobin jininsa su rikice, in sankarar jini ce gare shi ta ɓuya na ɗan lokaci ta dawo da wuyar magani, in tarin fuka ne ya samu ƙofa a buɗe. Don haka a ɗebi jini tukuna kafin a ba da sitirod, a kuma haɗa da maganin ƙwayoyin cuta matuƙar ba a kore su ba. Su ma iyayen da ɗansu ke karɓar sabbin allurai irin su tosilizumab su sani cewa maganin na iya danne zazzaɓi ya rage hawan feritin, ta yadda boren zai shigo ba sallama. A irin wannan yaro faɗuwar filatilet da fibirinojin da hawan AST su ne abin sa wa ido.

Saura batun kuɗi da hanya, wanda shi ne ainihin abin da ke yanke hukunci a gidajenmu. Uban da ya sayar da tunkiya ya biya awon jini ranar Litinin, in aka ce ya sake biya ranar Laraba, zai ga kamar ana son cin kuɗinsa ne, sai fa in an zaunar da shi an nuna masa dalili. Wannan bayani haƙƙinsa ne a kan ma'aikacin lafiya. Hanyar Tsafe zuwa Gusau kuma, ko ta Gusau zuwa Sakkwato, ba hanyar da ake hawa da yaro mara lafiya a kowane lokaci ba ce a 'yan shekarun nan, wanda ke ƙara nuna cewa gane haɗarin da wuri a asibitin da ke kusa shi ne ke ba da damar tafiya da rana tsaka, yaro na da sauran ƙarfi. Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta jihar, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, shi ne a tabbatar ana iya yin ƙidayar ƙwayoyin jini da ESR da AST a kowane babban asibiti, feritin kuma a same shi a Gusau da sakamako a yini ɗaya, a kuma sa awo na biyu cikin abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar ke ɗaukar nauyinsa ga yaron da aka kwantar. Ƙungiyar likitocin amosanin yara ta Afirka, PAFLAR, da aka kafa a 2019, tana horar da likitoci ta intanet, kuma ya dace likitocin yaranmu su ci moriyarta. Duk yaron da aka tabbatar yana da cutar Still a ba shi kati guda da ake rubuta lambobinsa da kwanan wata, domin asibitin da zai faɗa cikin dare ba lallai ne ya zama wanda ya san shi ba. Ku kuma iyaye, kada ku yar da takardar awon jini don an ce komai daidai ne. Ku adana ta cikin leda, ku zo da ita duk zuwa, kuma in zazzaɓin yaro ya daina sauka ko ya soma haɓo ko yawan barci, ku kai shi asibiti a ranar, ku miƙa wa likita tsohuwar takardar ku ce ya kwatanta ta da ta yau.